Sistocin da suka riƙe alli da alƙalami: Bashin karramawa da ke kan ƙasar Zuru da Arewa

Da asubahin Litinin, 17 ga Nuwamban 2025, 'yan bindiga suka haura Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Maga, a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu ta Jihar Kebbi. Sun kashe mataimakin shugaban makarantar, Malam Hassan Makuku, suka tasa ƙeyar ɗalibai 25 zuwa daji. Kwana huɗu bayan haka, ranar Juma'a, sai ga irin wannan ta'asa a makarantar St. Mary's da ke Papiri, a Ƙaramar Hukumar Agwara ta Jihar Neja, inda aka kwashe yara da malamai sama da 200. 'Yan matan Maga sun dawo bayan kwana takwas. Na Papiri kuwa sai da ya rage 'yan kwanaki Kirsimeti kafin rukuni na ƙarshe ya shaƙi iskar 'yanci.

An yi ta magana a kan sojoji da kuɗin fansa da wanda ya ba da umarnin me, kuma maganar ta cancanta. Abin da bai samu kulawa sosai ba shi ne matan da ke riƙe da makarantar Papiri. Sistoci ne na ɗarikar Katolika, 'yan ƙungiyar Our Lady of Apostles, wadda aka fi sani da OLA. Makarantar tana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kontagora, wanda Bishop Bulus Dauwa Yohanna ke jagoranta, kuma shi ne dayosis ɗin da Katolikan Zuru da Ribah da Wasagu suke ciki. Ke nan ga mutumin Wasagu waɗannan mata ba baƙi ba ne na wata uwa duniya. Maƙwabta ne, kuma masifar da ta faɗa musu ita ce ta faɗa wa Maga.

Yawancin mutane idan an ce sista, abin da ke zuwa musu a rai shi ne mace mai farin lulluɓi a asibitin mishan, tana ba da magani ko tana karɓar haihuwa. Hakan gaskiya ne, amma rabin labarin ne. A cikin waɗannan mata masu zaman zuhudu akwai waɗanda suka yi zurfin karatu har digirin digirgir, suka koyar a manyan makarantu, suka rubuta littattafan da ake kafa hujja da su a jami'o'in duniya. Arewa ta amfana da wasunsu, kuma ba ta nuna ta san an yi ba.

Misali mafi kusa yana cikin ƙungiyar OLA ɗin kanta. Sista Kathleen McGarvey, 'yar ƙasar Ayalan, ta yi digirinta na uku a birnin Rum, kuma abin da ta zaɓa ta bincika shi ne zaman matan Musulmi da na Kirista a Arewacin Najeriya. An buga binciken a matsayin littafi a 2009, mai suna Muslim and Christian Women in Dialogue: The Case of Northern Nigeria. Ta koyar a makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke Kaduna, wato mace ce ke tsaye a gaban allo tana karantar da mazan da gobe za su hau mumbarin coci. Ba ta bar binciken ya kwanta a kan kanta ba. A 2010 ta jagoranci kafa Majalisar Matan Addinai ta Kaduna, Women's Interfaith Council, wadda ta haɗa ƙungiyoyin mata Musulmi da na Kirista a garin da rikicin shekarar 2000 da na 2002 suka raba gida biyu, Kudu da Arewacin kogi. Shekara ɗaya da kafa majalisar aka yi rikicin bayan zaɓen 2011, kuma majalisar ba ta watse ba.

A 2021 wannan majalisa ta samu lambar yabo ta zaman lafiya ta birnin Aachen a Jamus. Abin farin ciki ne, amma akwai abin kunya a cikinsa. Matan Kaduna ne suka yi aikin, a unguwannin Kaduna, sai da Jamusawa suka tafa musu sannan wasu a gida suka fara tambayar su wane ne.

Wani zai ce mene ne haɗin ilimin tauhidi da rayuwar manomin Wasagu, balle nahawu. Amsar tana cikin tarihin Jihar Kebbi kanta, ba sai an je Rum ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta tafsirin Alƙur'ani mai suna Diya'ut Ta'awil, kuma shi ne dai ya zauna ya tsara Al-Bahrul Muhiɗ a fannin nahawu da Al-Hisnur Rasin a fannin sarfu. Bai ɗauki ɗaya babba ɗaya ƙarami ba. Duk almajirin da ya zauna a zaure ya san ba a ba shi tafsiri sai ya sha Ajuruma, mai himma kuma ya wuce zuwa Alfiyyar Ibnu Malik, domin wasali ɗaya a ƙarshen kalma yana iya mayar da mai aikatawa ya zama wanda aka aikata wa. Malaman Kirista na gaske su ma haka suke. Wanda zai yi sharhin Linjila da ilimi dole ya san Girkanci, wanda zai taɓa Attaura ya san Ibrananci, sannan ya iya Faransanci ko Jamusanci domin karanta abin da magabata suka rubuta. Malamin addinin da bai san harshe ba shi ne yake yi wa nassi fassarar son rai, kuma Arewa ta ga irin ɓarnar da wannan ke jawowa a masallaci da coci.

Saboda haka sistar da ta haɗa tauhidi da nahawu tana kan tafarkin da malaman ƙasar nan suka sani tun da daɗewa. Najeriya tana da irinsu. Farfesa Sista Teresa Okure, 'yar Akwa Ibom, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Fordham da ke New York a Amurka, ta shafe shekaru masu yawa tana koyar da Sabon Alkawari a Cibiyar Katolika ta Afirka ta Yamma da ke Fatakwal. Littafinta na 1988, wanda aka buga a Jamus, gaba ɗayansa a kan ayoyi 42 ne kacal na babi na huɗu na Linjilar Yohanna, labarin matar Samariya a bakin rijiya. Littafi guda a kan ayoyi 42. Wanda ya taɓa ganin malami ya kwashe daren Ramadan guda a kan aya ɗaya ba zai yi mamaki ba. A Kwango kuma akwai Sista Josée Ngalula, wadda ta yi karatu a Lyon ta Faransa, ta yi bincike a kan yadda ake juya kalmomin addini zuwa harsunan Afirka, kuma a 2021 Fafaroma Francis ya naɗa ta a Hukumar Tauhidi ta Duniya ta fadar Vatican, mace ta farko daga Afirka da ta shiga wannan hukuma.

Tambayar da Ngalula ta ɗauka tana nan da ranta a ƙasar Zuru. Mutanen yankin da yawa suna ibada da Hausa, suna karatu da Turanci, suna magana da C'lela ko wani harshen gida idan sun koma cikin iyali. C'lela harshe ne mai tsari na musamman, inda ɗan harafin da ke gaban suna yake nuna rukuninsa, shi ya sa ake ce wa harshen C'lela, mutanen kuma Lelna. Yaron da ya tashi da irin wannan harshe ya riga ya ɗauki nahawu mai nauyi a kansa tun kafin ya shiga aji ɗaya. Abin da yake buƙata shi ne malamin da zai nuna masa hakan, ba wanda zai ci shi tara don ya yi yaren gida a makaranta ba.

Sai batun Faransanci, wanda a nan ne sakacin hukuma ya fi fitowa fili. Jihar Kebbi tana iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, Nijar da Benin. Kamba da Dole-Kaina da Lolo garuruwan bakin iyaka ne, kuma hatsi da dabbobi da albasa suna ƙetarawa ta nan tun kafin a ja layin iyakar. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta sanya shi cikin darussan firamare da ƙaramar sakandare. Tun 1991 akwai Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry. Duk wannan yana nan a takarda. Wanda ya san makarantun gwamnati na karkara ya san cewa darasin yakan kasance a jadawali, malamin ne babu, idan kuma akwai shi sau da yawa an ɗora masa Turanci ko wani darasin ya cike gurbi.

Za a iya cewa ai Nijar ɗin ma ta juya wa Faransanci baya. Gaskiya ne cewa a 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma sabon kundin mulkin riƙon ƙwarya ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma kundin nan ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki, tare da Turanci. Takardar duwan da ta asibiti da ta kotu, da laccar Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ba su koma Hausa dare ɗaya ba. Benin kuwa ba ta sauya komai ba. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ECOWAS a Janairun 2025, ɗan kasuwar Kebbi ya ƙara buƙatar wanda zai karanta masa takarda a bakin iyaka, ba raguwa buƙatar ta yi ba. Kuma Bahaushe yana da wata riba da ba a cika faɗa ba: abin da ya fi wahalar da mai Turanci a Faransanci shi ne kowane suna namiji ne ko mace, alhali mai Hausa da wannan ya tashi, ya san riga tana da kyau, wando kuma yana da kyau. Hausar Maraɗi da Damagaram ma ta riga ta haɗiye kalmomi irin su lakkwal da mushe da jandarma.

A Maraɗin nan ne wata sista ta nuna abin da karatu ke iya yi idan ya sauka ƙasa. Uwa Marie-Catherine Kingbo ta shugabanci ƙungiyar Filles du Saint-Cœur de Marie ta Senegal, wadda aka kafa tun 1858. Bayan ta sauka daga shugabanci ta koma aji a birnin Paris, a cibiyar Centre Sèvres, ta yi karatun tauhidi, har da nazarin Musulunci. Mace mai irin wannan matsayi tana iya zama a Dakar ko Paris ta huta. Ita sai ta nufi Maraɗi a 2006, yankin da kusan kowa Musulmi ne, ta kafa sabuwar ƙungiya mai suna Fraternité des Servantes du Christ. Sun buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Ɗan Bako da makaranta a Tibiri. Abin da ya fi jan hankali a aikinta shi ne yadda ta riƙa tara limamai da masu gari da mata a zauna a tattauna auren wuri da karatun 'ya mace. Limamin ƙauye ba zai zauna ya saurari baƙuwa ba in ya ga ba ta san addininsa ba ko tana raina shi. Karatun da ta yi ne ya ba ta bakin magana. Ta rasu a 2021.

Dole a faɗi abin da ke zuciyar iyaye Musulmi da yawa, domin ɓoye shi ba ya kawar da shi. Tun zamanin Turawa ake kallon makarantar mishan a matsayin tarkon sauya wa yaro addini, kuma wannan tsoro bai taso haka kawai ba, mishan ya zo ne da niyyar yaɗa addininsa, bai taɓa ɓoyewa ba. Uban da ya ce ba zai kai 'yarsa can ba yana da haƙƙinsa. Sai dai karrama malama saboda iliminta da aikinta daban ne da karɓar aƙidarta. Turawa biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, su ne suka tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u suka buga su a 1997, kuma babu wanda ya ce Musulunci ya ragu da hakan. Boyd ta shafe shekaru a Sakkwato tana aiki da Waziri Junaidu, wanda ya buɗe mata taskar littattafansa. Idan Wazirin Sakkwato ya ga dacewar haka, to ƙasar Zuru, inda a gida ɗaya ake samun Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya suna cin tuwo a kwano ɗaya suna fita Uhola tare, ba ta da dalilin jin nauyi.

Cocin ma yana da nasa laifin. Sistoci ne ke riƙe da aji da ɗakin haihuwa, amma idan an zo bikin cika shekaru, sunayen bishop-bishop da fada-fada ne ke kan allo. Littattafan da waɗannan mata suka rubuta da Turanci ko Faransanci suke, an buga su a Turai, kuɗinsu ya fi ƙarfin malamin sakandare. Binciken da aka yi a kan matan Arewa ya kamata matan Arewa su iya karanta shi da harshen da suke ji. Dayosis ɗin Kontagora da na Sakkwato da na Kaduna suna da mutanen da za su iya fassara shi, ko a taƙaice ne, kuma gidajen rediyo suna da filin da za a karanta shi.

Gwamnati kuma ta taimaka wajen shafe tarihin. Lokacin da aka karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, kwalejin Queen of Apostles da sistocin OLA suka kafa a Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Sunan ya dace, babu mai jayayya da Amina ta Zazzau. Amma ɗalibar da ke can yau ta cancanci ta san waɗanda suka aza tubalin farko. Haka sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948, da 'yan Dominikan da suka zo Gusau daga Kansas ta Amurka a 1956, suka bar ƙungiyar sistoci 'yan ƙasa da har yau take da cibiya a Gusau.

Ƙasar Zuru ta san darajar wahala mai tsawo. Al'adar golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, ta koya wa mutanen yankin cewa abin kirki ba ya zuwa da gaggawa. Yankin ya kuma san yadda ake girmama nasa: kowane yaro zai iya lissafa janar-janar ɗin da aka haifa a nan, daga marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na Biyu zuwa Ishaya Bamaiyi. A tambayi yaron nan sunan mace ɗaya daga masarautar da ta kai matsayin farfesa, ko malamar da ta fara buɗe ajin 'yan mata a garinsu, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Sarauta da digirin girmamawa sun fi bin masu kujera da masu kuɗi, malama kuwa sai ranar jana'izarta ake tuna kirkinta.

Masarautar Zuru, da sarakunan Wasagu da Danko da Dabai da Fakai da Sakaba, suna iya gyara wannan ba tare da jiran Abuja ba. A sa a tattara sunayen matan da suka koyar a yankin, sistoci da malaman Islamiyya da na makarantun gwamnati, tun tsofaffin da suka san su suna raye. A ware musu wuri a bikin Uhola kamar yadda ake ware wa manyan baƙi. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru tana iya ɗaukar nauyin lacca ta shekara-shekara da sunan ɗaya daga cikinsu. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da sashen harsunan Turai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ne wuraren da za a nemi malaman Faransanci, kuma gurbin karatu kyauta ga 'yan mata biyar ko goma daga Danko-Wasagu a kowace shekara, da sharaɗin su dawo su koyar a gida, bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba.

Gwamna Nasir Idris ya fi kowa sanin wannan, domin malamin makaranta ne, ya kuma shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. Shi da kansa ya fito ya tambayi dalilin da ya sa aka janye sojoji daga makarantar Maga jim kaɗan kafin a kai harin. Iyayen yaran da iyalan Malam Hassan Makuku suna da haƙƙin jin amsar a bainar jama'a. Haka a Papiri, gwamnatin Neja ta ce an buɗe makarantar ne duk da umarnin rufewa, hukumomin cocin suka ce ba su samu wani umarni ba, kuma wannan ma magana ce da ya kamata bincike ya raba gardama a kanta.

Danko-Wasagu ta sha jini tun kafin Maga. A Yunin 2021 an kashe mutum 88 a ƙauyukanta a rana ɗaya, kuma a watan ne aka kwashe ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri, inda wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a hannun 'yan bindiga. Bayan kowane hari akwai iyayen da ke yanke shawarar cewa karatun 'ya mace ya isa haka, a yi mata aure. Ba a ƙirga waɗannan yaran a cikin waɗanda aka sace, amma su ma an raba su da aji. Babu malamar Faransanci ko sista mai digirin digirgir da za ta yarda a tura ta makarantar kwana da ba ta da katanga, ba ta da masu gadi, ba ta da hanyar da mota za ta kawo ɗauki cikin dare. Don haka kasafin da za a fara dubawa shi ne na katangar makarantar Maga da ta sauran makarantun kwana na Ribah da Wasagu, da albashin masu tsaronsu, da gidajen malamai mata a cikin harabar.